Mai Fid da Kitse Daga Wuta

Ranar Juma'a 25 ga Oktoba, 2024, da daddare a Los Angeles, mu nan kuwa an kusa kiran assalatu na Asabar, ina zaune da waya a hannu, ido ya yi jajir, ina kallon wasan farko na World Series, wato gasar ƙarshe ta neman kofin besbol a Amurka, tsakanin Dodgers da Yankees. Wasa ya wuce turmi tara da aka saba, an shiga na 10. Yankees na gaba da ci 3 da 2, an riga an fitar da 'yan Dodgers biyu, saura mutum ɗaya a tashi. Tashoshi uku kowace da mutum a kai. Sai ga Freddie Freeman na Dodgers ya taho yana ɗingishi, don idon sawunsa ya gurɗe tun ƙarshen Satumba. Jifar farko da Nestor Cortes na Yankees ya yi masa, ya kwashe ta sai cikin 'yan kallo. Maki huɗu a bugu ɗaya, 6 da 3, kowa ya kama gabansa. Tun da aka fara World Series a 1903 ba a taɓa rufe wasa da irin wannan bugu ba.

Ban gama sauke numfashi ba saƙon wani abokina ya shigo, wanda tare muka kamu da wannan ciwo na hana ido barci saboda besbol. Ya ce, "Mutumina, ka gani ko? Akwai maza, akwai muna-maza. Wannan ba ya farkawa sai rana ta ɓaci." Na aika masa da dariya, don a daren ba ni da bakin musu. Amma gardamar ta daɗe tsakaninmu, kuma har gobe ina nan kan bakana. Bugun Freeman gaskiya ne, na gani da idona, tsigar jikina ta tashi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wai akwai wasu 'yan wasa da aka halicce su daban, waɗanda ƙwarewarsu ke ƙaruwa idan wuya ta yi wuya, har a iya nuna su da yatsa tun kafin ranar ta zo.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga abin da ya ishe shi ya bi zancen. Mai jifa yana tsayawa nisan mita 18 da 'yan kai, ya wurgo ƙwallo, mai bugu ya tare ta da kulki. In ya buga ta inda ba a cafe ba har ya kai tasha lafiya, ya dace. In ya haura da ita katanga, wannan shi ne homron, shi da duk wanda ke kan tashoshi sun dawo gida da maki. Ana auna mai bugu da yawan dacensa cikin dubu. Wanda aka rubuta masa .300, wato yana dacewa sau uku cikin goma, gwani ne na gaske. Ka lura da wannan da kyau, don a kansa komai ya rataya: gwanin gwanaye ma sau bakwai cikin goma hannu rabbana yake komawa benci. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, sannan waɗanda suka yi fice su shiga wasannin Oktoba, inda ake fitar da juna har a kai World Series.

Amurkawa suna da kalma ɗaya ga abin da abokina ke nufi, suna cewa ɗan wasa "clutch" ne. Ba kulocin mota ba. Mu da za mu ce mai fid da kitse daga wuta: wanda in an kai turmi na bakwai ko sama, ci ya matse, zuciyar kowa na dukan uku-uku, shi za ka roƙi Allah ya sa kulki na hannunsa.

To, in da gaske baiwa ce, dole ta yi halin baiwa. Mai ƙarfin bugu bana, baɗi ma za ka same shi da ƙarfinsa. Mai gudu ba ya kwana ya tashi gurgu. Wanda ya iya zaɓen ƙwallon da zai buga, ya ƙyale ta banza ta wuce, haka yake shekara da shekaru, kuma lissafi yana nuna hakan ƙarara. Saboda haka tambayar ba ta da wuyar tsarawa: waɗanda suka yi fice a lokacin matsi bana, su ne za su yi fice baɗi? Wani masanin kimiyyar haɗa sinadarai, Richard Cramer, ya yi wannan tambaya a 1977 cikin mujallar ƙungiyar masu binciken besbol ta Amurka, SABR. Ya ɗauki kakar 1969 da ta 1970, ya jera 'yan wasa bisa yadda bugunsu ya juya wasa a lokacin da ake bukata, ya kwatanta jerin biyu. Bai sami alaƙar a-zo-a-gani ba. Gwarzon matsi na 1969 yana iya zama na tsakiya ko na ƙarshe a 1970, kamar an zuba sunaye a ƙwarya an girgiza. Masu bincike da dama sun maimaita gwajin bayansa da bayanan shekaru masu yawa, amsar ba ta yi nisa da tasa ba.

Abin dariya, a shekarar da Cramer ya fitar da wannan, a ita aka naɗa sarkin masu fid da kitse. Ranar 18 ga Oktoba, 1977, a filin Yankees da ke New York, Reggie Jackson ya buga homron uku a wasa na shida na World Series da Dodgers. Masu jifa uku daban, Burt Hooton, Elias Sosa da Charlie Hough, kowannensu jifar farko. Kirarin "Mr. October" ya bi shi har tsufa, kuma ba zan yi masa ƙwauro ba: a wasa 27 da ya buga na World Series a rayuwarsa ya tashi da .357 da homron 10, shi da a kakar yau da kullum yake .262. In kana neman hujja ga abokina, ga ta nan.

Sai dai Oktoba ba World Series kaɗai ba ce. Kafin a kai can akwai zagayen kusa da na ƙarshe, wanda in ka faɗi, shi ke nan, sai baɗi. Kwana tara kacal kafin daren homron ukun, Yankees sun buga wasan raba gardama da Kansas City Royals, kuma kocinsu Billy Martin ajiye Jackson ya yi a benci, don ya kasa taɓuka komai a wasanni huɗun farko. Sai a turmi na takwas aka sako shi. Ya gama wannan zagaye da dace 2 cikin 16. A duk rayuwarsa ya buga wasa 45 a wannan mataki, ya tashi da .227. Yanzu ka gaya mini, wace irin jarumta ce take yin barci a makon farko na Oktoba, ta farka a na uku? Wasan da in an faɗi an koma gida bai kai matsi ba ne? Mutum ɗaya ne, kulki ɗaya, wata ɗaya. Mun riƙe rabin da ya yi mana daɗi, mun watsar da ɗaya rabin.

Derek Jeter shi ne ma ya fi sauƙaƙa aikin, don ya daɗe a ƙungiya mai cin nasara har ya tara wasa 158 na bayan kaka, wato wasannin fitar da juna na Oktoba, kusan kaka guda cur. A wasannin yau da kullum ya ƙare da .310. A waɗannan 158 ɗin ya ƙare da .308. Da ba a gaya maka ba, sai ka ce kuskuren bugun rubutu ne. Shi ma yana da kirari, "Mr. November", saboda homron da ya rufe wasa na huɗu na World Series ta 2001 da Arizona, 'yan mintoci bayan agogo ya buga sha biyun dare an shiga 1 ga Nuwamba. Abin da ba a cika faɗa ba, a wannan gasar gaba ɗaya dace 4 ya yi cikin 27, kuma Yankees ba su ɗauki kofin ba.

David Ortiz fa, wanda mutanen Boston ke rantsuwa da shi? Ba su yi laifi ba. A 2004 Yankees sun cinye su wasa uku a jere, saura ɗaya a yi musu jana'iza, Ortiz ya rufe wasa na huɗu da homron a turmi na 12, washegari ya rufe na biyar a turmi na 14. Suka farfaɗo suka cinye huɗu a jere, suka wuce suka ɗauki kofin da rabonsu da shi tun 1918. A 2005 masu ƙungiyar suka ba shi allon yabo da ke cewa shi ne ya fi kowa bugun matsi a tarihin Red Sox. A World Series ta 2013 ya yi dace 11 cikin 16, abin da ko a mafarki ba ka isa ka roƙa ba. Amma a zagayen da ya gabace ta, da Detroit, 2 ya yi cikin 22. Ɗaya daga cikin biyun ya zamo homron mai maki huɗu da ya ceto wasa na biyu, sai ya shafe sauran ashirin ɗin daga ƙwaƙwalwar kowa. Jimilla, Ortiz .286 ne a kaka, .289 a bayan kaka. Babban gwani ne a Mayu, babban gwani ne a Oktoba. Haka Freeman, wanda ya taɓa zama gwarzon ɗan wasan National League, ɗaya daga cikin manyan rukunonin besbol biyu na Amurka, a 2020. Ba daga sama ya faɗo ba, mutum ne da ya shafe shekaru fiye da goma yana cikin waɗanda suka fi kowa iya bugu.

Ka yi wannan gwaji a tsakar gida. Zuba wake goma a ƙoƙo, uku farare, bakwai jajaye. Rufe ido ka ɗauki ɗaya, ka duba, ka mayar, ka girgiza. Yi haka sau 25, wato kimanin damar da mai bugu ke samu a World Series mai tsawo. Fari dace ne. Ƙoƙon nan ɗan wasa ne mai .300 da ba shi da zuciya, ba shi da tsoro, bai san Oktoba ba. Lissafi ya nuna kusan sau ɗaya cikin biyar za ka fito da fari goma ko fiye, wato .400 zuwa sama. Kusan sau ɗaya cikin biyar kuma za ka fito da biyar ko ƙasa, wato .200 zuwa ƙasa. Ka jera ƙoƙuna biyar iri ɗaya sak, akwai yiwuwar ɗaya ya fito gwarzo, ɗaya ya fito matsoraci, 'yan jarida kuma su rubuta labarin halin kowanne. Ba cewa nake ɗan Adam ƙoƙo ba ne. Cewa nake, in ƙoƙo ma zai iya haifar da bambancin da muke gani, to bambancin kaɗai bai isa hujja ba.

Akwai wani Pat Tabler da ya yi wasa a shekarun 1980, ɗan wasa madaidaici mai .282, wanda in tashoshi uku sun cika sai ya rikiɗe: dace 43 cikin 88. Masu ra'ayin abokina suna son kawo shi, ni ma ina jin daɗin labarinsa. Amma dubban mutane sun buga wasan nan sama da shekara ɗari. In dubban mutane suka girgiza ƙoƙo, sai an sami wanda wake fari ya yi ta bin hannunsa. Da ba a samu ba, shi ne abin mamaki. Ga kuma cewa in tashoshi sun cika mai jifa ba shi da wurin ɓuya, dole ya kawo ƙwallo inda za a iya bugunta, don haka kowa ma lissafinsa yakan ɗan ɗaga a wannan hali.

Da a kirari abin ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Wa ya ƙi a yi wa gwani kirari? Damuwata ita ce ɗaya fuskar. Duk inda aka naɗa jarumi, sai an nemo matsoracin da za a jingina shi da shi, kuma da wake 25 ɗin nan ake yanke wa mutum hukunci. Ted Williams, wanda ya buga .406 a 1941 kuma har yau ba a sake samun wanda ya kai .400 a American League ko National League ba, sau ɗaya ya je World Series, a 1946. Ya yi dace 5 cikin 25, da gwiwar hannu a kumbure don ƙwallo ta same shi a wasan motsa jiki 'yan kwanaki kafin nan. Wasu marubutan Boston suka yi ta yi masa gorin cewa ba ya iya babbar rana. Mutumin nan fa matuƙin jirgin yaƙi ne a Koriya, ya tashi sau 39 zuwa fagen daga, a 1953 ya sauko da jirgi yana cin wuta. Wai shi ne ƙwallon fata ta firgita.

Barry Bonds kafin 2002 ya buga wasa 27 na bayan kaka, .196, homron ɗaya tak. Aka gama magana: gwanin bazara ne, in sanyi ya shigo sai ya noƙe. A 2002 ya buga homron takwas a Oktoba ɗaya, huɗu a World Series, har masu jifa suka koma ba shi hanya kyauta don gudun kulkinsa. Alex Rodriguez a 2006 ya yi 1 cikin 14 da Detroit, koci Joe Torre ya mayar da shi na takwas a jerin masu bugu, wanda ga ɗan wasa irinsa tozarci ne a bainar jama'a. Magoya bayan ƙungiyarsa da kansu suna yi masa ihu. A 2009 ya buga .365 da homron shida, ya ja Yankees har kofi. Sai labari ya juya, wai ya girma, wai ya sami natsuwa. Kullum bayan an ga sakamako ake gano halin.

Mu da ƙwallon ƙafa ta fi shiga jininmu mun san wannan ciwo. Ranar 2 ga Yuli, 2010, a Johannesburg, Asamoah Gyan ya buga fanareti a mintin ƙarshe da Uruguay ta daki ƙarfe, Afirka duka ta yi tsit. 'Yan mintoci bayan haka shi ya fara ɗaukar ƙwallo ga Ghana a bugun daga kai sai mai tsaron gida, ya zura ta a kusurwar sama. Kafin nan ya zura wa Serbia da Australia ƙwallo da fanareti, shi ya fitar da Amurka a ƙarin lokaci. Wane ne Gyan na gaskiya a cikinsu? Duk da haka da wancan ɗayan ake tuna shi.

Yanzu bari in ba abokina haƙƙinsa, don yana da magana mai nauyi, kuma ba na son in yi kamar ban ji ba. Yakan ce, "Kai ba ka taɓa tsayawa gaban mutum dubu hamsin ba. Tsoro gaskiya ne. Hannu na rawa, maƙogwaro na bushewa. Ta yaya za ka ce kowa ɗaya ne?" Ban ce kowa ɗaya ba ne. Tsoro na karya mutane, besbol ma shaida ce. Rick Ankiel yana ɗan shekara 21, mai jifa ne da ake ganin zai gaji manya, St. Louis suka ba shi wasan farko na Oktoban 2000 da Atlanta. A turmi na uku ya wurga ƙwallo biyar da suka kauce har mai cafewa ya kasa taro su. Daga ranar hannunsa bai sake komawa daidai ba, har ya bar jifa. Kafin shi an ga Steve Blass na Pittsburgh a 1973, an ga Chuck Knoblauch da ya kasa wurga ƙwallo 'yar tazara kaɗan zuwa tasha ta farko.

Amma duba su waye wannan cuta ta kama: masu wurgi. Wanda ƙwallo ke hannunsa shi ke da lokacin tunani, kamar mai bugun fanareti da ke takowa daga tsakiyar fili, shaiɗan na raɗa masa a kunne. Mai bugu ba shi da wannan lokaci. Ƙwallo mai gudun kilomita 150 a awa tana isowa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, kuma tun tana rabin hanya dole ya yanke shawara. Ido ne da hannu da shekaru ashirin na maimaici. Ga kuma rariyar da aka bi kafin a iso nan. Yaro ya yi wasa a sakandare masu farautar 'yan wasa na zaune da littafi suna auna shi, ya shiga ƙananan rukunoni mataki huɗu, yana kwana a mota, ya san in ya yi wata biyu bai dace ba za a sallame shi ya koma gida ba sana'a. Ga yaron da ya taso daga San Pedro de Macorís a Jamhuriyar Dominika, danginsa duka na jiran albashinsa, wannan matsin ya fi na World Series. Wanda tsoro ke kayarwa, yawanci tun can ya faɗi. Waɗanda muke gani a talabijin su ne suka tsallake. Ankiel ɗin ma, bayan ya bar jifa ya koma mai bugu, ya sake hawowa tun daga ƙasa, kuma a Oktoban 2010, sanye da rigar Atlanta ɗin da ya rushe a gabansu, ya buga homron a turmi na 11 da ya ba su nasara kan San Francisco. A wane layi za a sa shi, na maza ko na muna-maza?

Hujja ta biyu ta fi wannan kaifi. A Oktoba ba a haɗuwa da ragwayen masu jifa, sai zaɓaɓɓu, ga sanyi da ke rage wa ƙwallo tafiya. Don haka Jeter da ya riƙe .308 a nan, a zahiri ya ɗan fi kansa na bazara. Na karɓa. Kuma mutumin da ya fi kowa koya wa duniya ƙidayar besbol, Bill James, wanda ya fara rubuce-rubucensa yana gadin dare a masana'antar waken gwangwani a Kansas, shi da kansa ya dawo ya taka wa almajiransa burki. A mujallar SABR ta 2004 ya ce hanyar Cramer ba ta isa ta tabbatar da babu ba. Ya kawo misalin mai gadi da ke leƙen abokan gaba cikin hazo: rashin ganinsu ba ya nufin ba sa nan, wataƙila hazon ne ya fi ƙarfin idonsa. Duk wanda ya taɓa tuƙi da sassafe a watan Janairu ya san abin da ake nufi. Ko ba komai James yana aiki da Red Sox a lokacin, Ortiz na gabansa. A 2006 kuma Tom Tango, Mitchel Lichtman da Andrew Dolphin suka tace bayanai masu yawa, suka ce lalle akwai ɗan bambanci tsakanin 'yan wasa a lokacin matsi, amma ƙanƙane ne ƙwarai.

Wannan bai kayar da ni ba, gyara mini zama ya yi. Ban ƙara cewa babu ko ɗigo ba. Abin da nake cewa, in abu ya yi ƙanƙantar da sai an tara shekaru da dubban bugu kafin a hango inuwarsa, to ba shi ne abin da mai sharhi ke gani ba idan ya daka tsawa bayan homron ɗaya. Hazon da ya hana mai lissafi gani, shi ma mai kallo bai fi ƙarfinsa ba. Kuma kocin da zai zaunar da gwaninsa ya sako wanda bai kai shi ba don wai wancan yana da zuciya, ya saki reshe ya kama ganye. Abubuwan da aka tabbatar sun fi wannan nauyi nesa ba kusa ba: wa ya fi iya bugu, wa ke da lafiya, da wane hannu mai jifa ke wurgi.

Ko shahararren bugun da kowa ke kawowa, in ka tona, abin da za ka tarar ya fi "zuciya" ban sha'awa. Ranar 15 ga Oktoba, 1988, a wasan farko na World Series, Kirk Gibson na Dodgers, ƙafafu biyu duk ciwo, ko fara wasan bai yi ba, aka kira shi a turmi na tara, an fitar da biyu, Oakland na gaba 4 da 3, Dennis Eckersley na jifa. Ya buga homron, ya zagaya tashoshi yana jan ƙafa, kuma bai sake fitowa ba a gasar. Gibson da bakinsa ya ba da labarin cewa wani dattijon mai leƙen asirin ƙungiyar, Mel Didier, ya riga ya gaya musu irin ƙwallon da Eckersley ke wurgo wa mai bugun hagu in ƙidaya ta cika, wato saura kuskure ɗaya a fitar da mai bugu ko a ba shi hanya kyauta: mai lanƙwasa da ke sulalowa ta gefen waje. Da ƙidayar ta cika, Gibson ya ja baya, ya tuna, ya dawo yana jiranta. Ita kuwa ta zo. Natsuwar da ya yi ya tuna, tasa ce, ba na hana shi. Amma an fafe gorar tun kafin ranar tafiya, kuma wanda ya riƙe ta shi ne gwarzon National League na shekarar.

Daren 1 ga Nuwamba, 2025, a Toronto, wasa na bakwai na World Series, Dodgers na baya 4 da 3 a turmi na tara, an fitar da ɗaya. Wanda layi ya faɗo kansa Miguel Rojas ne, ɗan Venezuela mai shekara 36, na tara a jerin masu bugu, mutumin da aka fi sani da tsaron fili, ba da haura katanga ba. Ya haura da ita. Wasa ya koma kunnen doki, Will Smith ya ƙarasa a turmi na 11, Dodgers suka riƙe kofinsu. Kafin a gama murna waya ta yi ƙara.

"Mutumina, Rojas fa? Shi ma wake ne?"

Na ce masa, to, a ce baɗi an sake kai wa nan, turmi na tara, ana bin ku ɗaya, kai ne koci, kuma an ba ka zaɓi tsakanin Rojas da Shohei Ohtani, babban gwanin bugu na Dodgers. Wa za ka miƙa wa kulki? Na ga alamar yana rubutu, ya goge, ya sake rubutawa, ya goge. Har ladan ya yi kira bai turo komai ba. Sai da hantsi saƙon ya shigo: "Ohtani mana. Amma Rojas zan sa ya tsaya kusa da shi."